Amsa ga ɗalibin da ya yi tambaya kan ware shara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ɗalibin Jami'ar Jos da ya tambaya jiya, wai me ke sa mutum ya ware robobi da gwangwanaye don a sake sarrafa su, kishin muhalli ne ko kuɗi ne, bari in ba ka tawa. Na ga masu ilimi sun amsa maka, ni kuma abin da idona ya gani zan faɗa, domin shekara 11 ke nan ina sana'ar kunun aya da zoɓo a Anguwan Rogo da ke nan Jos, kuma kullum sai na yi cinikin gorar da wani ya shanye ruwanta.

Fara da leƙa kwata a unguwarmu bayan ruwan sama. Da wuya ka tsinci gora mai marfi a ciki. Abin da ya toshe ta ledar fiyawata ce, da baƙar leda, da farar robar nan ta zuba abinci. To hannun da ya jefa leda shi ne dai ya ɓoye gora, mutum ɗaya ne, tarbiyya ɗaya. Bambancin kawai gora tana da mai jiran ta. Matar gida ta san ran Asabar zan aiko yaro, ko ɗan bola jari zai kwankwasa ƙofa da kurarsa da sikelinsa. Leda kuwa sai ka cika buhu ka danna ka ƙara, a ɗora a sikeli ba ta kai komai ba. Wa zai ba ta wuri a ɗaki ɗaya da ake kwana da yara biyar?

Amma kada ka rubuta "kuɗi" ka rufe littafi, don ba nan zancen ya ƙare ba. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, 'ya'yanta sun wadata ta, ba ta rasa komai ba. Duk da haka in ka shiga ɗakinta, gwangwanin madara na ɗauke da allura da zare, bokitin fenti ya zama na wanki, gorori kuwa a wanke a kife su a kan taga. Ranar da na miƙa mata kuɗin gora ta ture hannuna, ta ce, "Ke 'yar nan, ni ba sayarwa nake ba. Abu da sauran amfaninsa a yar? Allah zai tambaye ni." Irin waɗannan tsoron almubazzaranci ne ke riƙe da su. Sun taso lokacin da ake mayar da gwangwani aci-balbal, tsohuwar taya ta zama guga da takalmi. Har yau ma ai da tsohon alminiyon ake zuba tukwanen biki. Ba su taɓa kiran abin da wani babban suna ba, tattali ne kawai.

Sai kunya, wadda ita ce na fi son ka tsaya a kanta, domin kaifi biyu gare ta. A layin da aka share tas, mutum zai riƙe ledarsa har gida. A inda bola ta riga ta taru, ko mai babbar riga zai ƙara tasa bai waiwaya ba, ai ya tarar da ita ne. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, wanda jin an ce ya shigo unguwa kaɗai ke sa a wanke randa. Tarar ba ta dame su kamar a ce gidan wance ne aka kama da ƙazanta ba. Amma kunyar nan ce kuma ke hana wasu tarawa. Na san amaryar da take turo min gorori da magariba a cikin baƙar leda, don kada matan gidan haya su ce mijinta ya gaza har ta koma tsince-tsince. Ni ma da na fara, an kira yarona ɗan bola a makarantar allo, kwana uku ya ƙi zuwar min aike.

Tsoro kuwa ba ya daɗewa. Duk wanda ya ga ambaliyar watan Yulin 2012 a Rikkos da Gangare ya san abin da ruwa ke yi in ya rasa hanya. An yi ta rantsuwa ba a ƙara zuba shara a rafin Dilimi. Je ka duba bakinsa yau.

Wani ya kawo misalin Jamus, inda tun 2003 ake ɗora santi 25 na kuɗinsu Yuro a kan gorar roba, sai ka mayar da ita a ba ka kuɗinka. Dariya na yi, don mun yi wannan a nan. Da can in ka sayi lemon kwalba za ka tafi da shi gida, sai ka ajiye kuɗin kwalba wajen mai shago. Kwalbar ta fashe a hannunka, ranar sai ka sha faɗa. Mutum ya fi jin zafin abin da ya fita daga aljihunsa a kan daɗin wanda aka yi masa alkawari. Ruwanda kuma a 2008 hana leda ta yi gaba ɗaya, Legas ta hana farar robar abinci a farkon 2024. Wannan hanyar hukuma ce, ba ta jiran zuciyar kowa.

Shawarata, in za ka raba takardar tambayoyinka, kada ka tambayi mutane ko suna son muhalli. Kowa zai ce maka tsafta cikon addini ce, ya kawo maka hadisin kawar da abin cutarwa daga hanya, kuma ba ƙarya yake ba. Ka tambaye shi ina gorar da ya sha jiya take, ina kuma ledar. In kana so, ka zo ran Asabar da hantsi ka zauna kusa da baho inda nake wanke gorori da ruwan zafi da omo, matan da ke kawowa za su gaya maka da bakinsu. Ka dai taho da rigar sanyi, ka san garin namu.