Zare Ne Ya Fara Jan Ragamar, Tururi Daga Baya Ya Zo

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu ya tambaya ko injin tururi na James Watt ne ya haifi juyin masana'antu a Ingila, kamar yadda aka koya musu a makaranta. Ni ba malamin tarihi ba ne, ƙanena. Makaniken injin kaɗi ne ni, shekara 22 na yi a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna. A ganina Watt ya tarar da tafiya ta riga ta yi nisa, kuma ƙarancin zare ne ya tayar da ita.

Duk ranar da sashenmu na kaɗi ya tsaya, masu saƙa naɗe hannu suke yi, komai lafiyar injinansu. A ƙauye ma haka abin yake. Kakata takan wuni da mazari da alli, amma zaren da ta tara a mako, masaƙi ya cinye shi kafin ta juya. Turawan Lankasha, yankin saƙa na Ingila, su ma a wannan hali suke: mata na kaɗi a gida, masaƙi ɗaya na jiran zaren mata da yawa. Sai a 1733 John Kay ya ƙera ƙoshiyar da ake fizga da igiya ta tsallaka da kanta. Saƙa ta ƙara sauri, yunwar zare ta ƙara tsanani. Ga kuma kasuwa a buɗe, domin dokar 1721 ta hana sayar da yawancin yadin auduga mai zane, wanda a da daga Indiya ake kawo shi, alhali mutane sun riga sun saba da shi.

Ka duba su wa suka warware matsalar. James Hargreaves masaƙi ne. Wajen 1764 ya haɗa injin da mutum ɗaya ke juya mazari 8 a lokaci guda. Amma zarensa ba shi da ƙwari, bai iya zama zaren tsaye. Richard Arkwright kuwa wanzami ne mai yin gashin kanti. Injinsa na 1769 yana jan auduga ta tsakanin ƙarafa masu birgima, na gaba sun fi na baya gudu, sai ta miƙe ta sirance kafin a murɗe ta. Wannan dabara ita na yi ta gyarawa duk tsawon aikina. In tazarar ƙarafan ta kauce ko da ƙiris, zare ya dinga tsinkewa ke nan, shugaban sashe yana neman ka.

Abin da ya fi injin Arkwright muhimmanci shi ne ginin da ya sa shi a ciki. A 1771 ya buɗe masana'anta a wani ƙauye mai suna Kuromfod, kuma ruwa ne ke juya ta, babu tururi ko kaɗan. Ruwa ba ya barci, don haka aka raba ma'aikata kashi biyu, na rana da na dare, aka sa ƙararrawa, aka gina musu gidaje. Shiftin da muka yi ta tsinewa a Kakuri, ire-iren wannan wuri ne tushensa. Da yawa daga cikin ma'aikatan yara ne ƙanana. Sai a 1819 doka ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 9 a masaƙun auduga.

Wanda nake tausayi shi ne Samuel Crompton. A 1779 ya auri dabarun mutanen nan biyu ya fitar da injin da aka laƙaba wa suna alfadari, mai ba da zare siriri kuma mai ƙwari. Ba shi da kuɗin yin rajistar mallaka, wasu suka kwafa suka yi arziki. A 1812 majalisa ta ba shi fam 5,000, amma a talauce ya mutu.

To ina Watt? Injin tururi ya girme shi. Tun 1712 Thomas Newcomen ya kafa nasa don zuƙe ruwa daga ramukan haƙar kwal, sai dai cin kwal gare shi kamar gara. Watt yana gyaran ɗan samfurinsa a Jami'ar Gilasgo ya gano ɓarnar: tukunya ɗaya ake zafafawa a sanyaya, a sake zafafawa. Ya ware wa tururin wurin sanyaya daban, ya yi rajista a 1769. Duk da haka sama da ƙasa kawai injin ke yi, aikin famfo. Sai a 1781 shi da abokin kasuwancinsa Matthew Boulton suka sa shi juya ƙafa irin ta keke, shekara 10 bayan Kuromfod. Amfaninsa shi ne ya raba masana'anta da bakin rafi, ta koma cikin gari kusa da kwal da leburori, Mancesta ta cika da hayaƙi.

Daga nan matsalar ta yi ta ƙaura. Zare ya yi yawa, masaƙa suka kasa, sai wani limamin coci, Edmund Cartwright, ya fito da injin saƙa a 1785, ko da yake ya daɗe kafin ya karɓu. Sannan audugar kanta ta yi kaɗan. Injin gurza na Eli Whitney a 1793 ya sauƙaƙa cire angurya, gonakin kudancin ƙasar Amurka suka faɗaɗa, bayi 'yan Afirka ne kuma suka noma abin da Lankasha ta kaɗa. Wannan ɓangaren ba kasafai malaman makaranta ke tsayawa a kansa ba.

Wani Bature da ya zo kafa mana injina ya taɓa gaya mini cewa matan masaƙun garinsu da motsin leɓe suke hira, saboda ƙarar injin ba ta barin a ji magana. Na yi dariya, don mu ma haka muke yi ba tare da kowa ya koya mana ba. Har yau in za ka yi mini magana, sai ka zagayo ta kunnen dama.