Tambaya da amsa: Zan kai mahaifiyata Granada, ina za mu sauka kuma ta ina za mu fara?

Tambaya: Salam malam. Allah Ya sa mun samu biza ni da iyalina da Hajiyata, kwana huɗu za mu yi a Granada ta ƙasar Sifen, burin Hajiya ta ga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi, da idonta tun da take jin labarin Andalus. Matsalar ita ce tana fama da ciwon gwiwa. Daga filin jirgi yaya za mu yi mu shiga gari, wace unguwa ta fi dacewa mu kama masauki, kuma me za mu gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya Ya kai ku lafiya. Kafin ma mu zo kan maganar mota da otal, abu na farko ka je ka sayi tikitin Alhambra yau ɗin nan, kar ka bari sai kun isa. Mutane da yawa suna yin kuskuren nan, su biya kuɗin jirgi su kama ɗaki, sai sun je bakin ƙofa a ce musu tikitin ya ƙare na sati biyu ko uku masu zuwa, musamman lokacin bazara da hutun Ista. A shafin hukumar da ke kula da wurin za ka saya, kuɗinsa yuro 20 da 'yan kai kowane mutum, ka guji masu sayarwa a wasu shafukan suna ninka kuɗi. Tikitin da sunan mutum yake fita, kuma fasfo za a duba a ƙofa, to kar ku bar fasfo a ɗaki. Sannan sashen fadojin sarakunan Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Andalus, wanda shi ne zuciyar wurin, lokaci ake rubuta maka, idan an ce ƙarfe 10 to 10 ɗin ne, ka makara an wuce da kai babu wani roƙo. Ranar da ka samu tikitin ita za ka ɗora sauran tafiyar a kai.

Maganar filin jirgi kuwa, Granada tana da nata amma ƙarami ne, galibi jiragen cikin gida ne daga Madrid da Barcelona. In nan kuka sauka akwai bas da ke shiga gari, kusan minti 45, yana tsayawa a babban titin Gran Vía kusa da babbar majami'a, amma da tsohuwa da akwatuna ni dai tasi zan ce, tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba. Mafi yawan masu zuwa daga wajenmu a Malaga suke sauka, ta Istanbul ko ta Casablanca, daga can bas ɗin kamfanin Alsa yana tashi daga filin jirgin kai tsaye zuwa Granada, awa biyu da ɗan wani abu, ka saye shi tun kana gida ka bar tazara mai kyau bayan saukarku saboda layin shige da fice. In kuma Madrid ce, jirgin ƙasa mai gudu daga tashar Atocha yana kai ku cikin kamar awa uku da rabi. Tashar bas ta Granada ba a tsakiyar gari take ba, to nan ma tasi kawai.

Yanzu masauki, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Duk hoton da za ka gani a intanet zai ja ka zuwa Albaicín, tsohuwar unguwar Musulmi mai fararen gidaje da ke fuskantar Alhambra, kuma wallahi tana da kyau, in ka buɗe taga da asuba ka ga fadar a kan dutse ba ka manta wa. Sai dai unguwa ce ta hawa da gangara, lunguna matsattsu da aka shimfiɗa da duwatsu, wasu mota ba ta shiga, akwati mai taya ma wahala yake sha balle gwiwar Hajiya. Ku kama ɗaki a ƙasa, tsakanin Gran Vía da Plaza Nueva ko wajen Puerta Real, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, komai kusa, ku riƙa hawa Albaicín da ƙananan jajayen motocin nan C31 da C32, ita C32 har Alhambra take kaiwa. Ka tabbata ginin yana da lifta, don gidajen haya na tsohon gari da yawa bene uku ne babu lifta kuma ba sa faɗa sai ka tambaya, ka kuma nemi ɗakin da ba ya kallon titi, mutanen nan sai ƙarfe 9 na dare suke fara cin abinci, hayaniya har tsakar dare. In gida mai kicin kuka samu ya fi, Hajiya za ta so tuwonta ko a kalla shayinta yadda ta saba.

Ranar Alhambra ku ba ta yini guda, kar ku haɗa da komai. Ku hau da mota, hanyar Cuesta de Gomérez ta ƙafa ta matasa ce. A cikin fadojin ka nuna wa Hajiya rubutun da ya cika bango, wa la galiba illallah, taken gidan sarautar ne, an maimaita shi ba iyaka, sai farfajiyar zakoki 12 da aka gina zamanin Muhammad na biyar. Wannan gidan ne ya riƙe garin har ranar 2 ga Janairu 1492 da Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa mabuɗai. Lambun Generalife yana da tafiya, in gwiwa ta gaji ku bar hasumiyar Alcazaba, matakala ce zalla.

Washegari da yamma ku hau Mirador de San Nicolás, dandalin kallo da ke saman Albaicín, gefensa akwai babban masallacin Granada da aka buɗe a 2003, ku yi sallah ku zauna a lambunsa, kallon Alhambra daga nan ya fi na dandalin don babu turereniya. A ƙasa kuma akwai Madraza, tsohuwar makarantar da Sarki Yusuf na ɗaya ya kafa a 1349, da Corral del Carbón wanda tsohon masaukin fatake ne, da kasuwar Alcaicería, duk a ƙafa. Af, ka gaya wa Hajiya Abu Ishaƙ as-Sahili, mawaƙin nan da ya biyo Mansa Musa daga aikin hajji har ya rasu a Tambutu, ɗan garin nan ne.

Abinci ku nufi titin Calderería Nueva da Calle Elvira, shagunan 'yan Maroko ne da yawa, akwai halal. A sauran wurare in ka sayi lemo za a kawo maka ɗan abin taɓawa kyauta, to sau da yawa da naman alade a ciki, ka haddace kalma biyu, sin cerdo, wato ban da alade, ka faɗa tun kafin a kawo.