Ƙwayoyin rage ƙiba sun sauke min kilo 3, da na daina sai suka dawo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 36, nauyina kilo 92, tsawona mita 1.62. Wata ƙawata ta ba ni shayin rage ƙiba da wasu ƙwayoyi da ta saya a intanet. Cikin mako guda na rage kilo 3, amma zuciyata ta riƙa bugawa da sauri, barci ya ƙaurace min, ga yawan zagayawa bayi. Da na daina, nauyin ya dawo. Ba na karya kumallo, sau biyu kawai nake cin abinci a rana, amma ba na raguwa. Shin akwai maganin da ke aiki da gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin yi daidai da kika daina, kuma ina roƙon ki kada ki koma musu.

Kilo 3 ɗin nan da suka tafi ba kitse ba ne. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, ke nan kilo 3 sun haura kalori 23,000. Mace baliga tana ƙona kimanin 2,000 a rana, don haka ko ba ki sa komai a baki ba tsawon mako, ba za ki kai wannan adadi ba. Ruwa kika zubar. Yawancin irin wannan shayi ana zuba masa ganyen senna mai sa gudawa, ko wani abu mai sa yawan fitsari, kuma tare da ruwan ake rasa gishirin fotasiyam wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. Da zarar an sha ruwa an ci abinci, sikeli ya koma inda yake.

Bugun zuciyar da rashin barcin su suka fi damuna. Akwai wani magani, sibutramine, da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Har yanzu hukumomin kula da magunguna suna gano shi a ɓoye cikin ƙwayoyin da aka rubuta wa "na ganye zalla". Kafin shi, a 1997, an janye fenfluramine saboda yana lalata ƙofofin zuciya. Rubutun jikin kwali ba shaida ba ne a kan abin da ke ciki.

Magungunan gaske suna nan. Orlistat yana hana hanji tsotse wajen kashi ɗaya cikin uku na man da aka ci; ragin da yake kawowa kaɗan ne, kuma yana sa bayan gida mai maiƙo. Allurar semaglutide, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021, tana rage jin yunwa. A babban gwajin da aka yi mata mutane sun rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a makonni 68. Amma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a shekara guda, ga tashin zuciya da amai, kuma mai ciki ba ta amfani da ita. Ana rubuta waɗannan ne ga wanda ma'aunin BMI ɗinsa (lissafin nauyi gwargwadon tsawo) ya kai 30, ko 27 idan yana da ciwon suga ko hawan jini. Naki ya kai 35, saboda haka kina da damar tattauna batun da likita, wanda zai duba ki kafin ya rubuta.

Yanzu ga maganar cin abinci sau biyu. Jiki ba ya ƙirga sau nawa aka ci, jimlar abin da ya shiga yake lissafawa. Wanda ya wuni da yunwa yakan cika faranti da dare, kuma tsakanin abincin nan biyu akwai abubuwan da ba ma ɗaukar su a bakin abinci. Gwangwanin lemo na mililita 330 yana da suga wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin rana, wato kusan giram 50. Babban cokalin mai guda ɗaya kalori 120 ne, kuma masu girki da yawa ba sa auna shi, tsiyayawa kawai suke yi. A ganina nan ya kamata ki fara: ki mayar da abin shanki ruwa, ki riƙa auna mai da cokali. Waɗannan biyun kaɗai sukan cire kalori ɗaruruwa a rana ba tare da kin ji yunwa ba.

Sai faranti: rabinsa ganye da kayan lambu, kwata ɗaya ƙwai ko kifi ko wake ko nama marar kitse, sauran kwatan hatsi. Furotin da ganye suna daɗewa a ciki. Ki ci a zaune, a hankali, ba gaban waya ba. Ki nemi barcin awa 7, domin ƙarancinsa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi. Tafiya da sauri ta minti 150 a mako tana taimakawa, musamman wajen hana nauyin dawowa.

Rabin kilo a mako ragi ne mai kyau. Idan kika sauke kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida, hawan jini da sugan jini za su nuna bambanci. Kafin nan ki je asibiti da kwalin ƙwayoyin a hannunki, a auna miki hawan jini da suga, a duba zuciya da ƙoda da hanta, kuma ki gaya wa ƙawar taki ita ma ta dakata.