Tambaya da Amsa: Me Ya Kamata Ya Shiga Fayil Ɗin Heda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyon harshen C, kuma na raba manhajata gida biyu, main.c da lissafi.c. Dukansu suna buƙatar ma'ajiyar adadi guda ɗaya, don haka na rubuta int jimla = 0; a cikin fayil ɗin heda, wato lissafi.h, wanda su biyun suke jawowa, na kewaye shi da #ifndef da #endif kamar yadda aka koya mana. Kowane fayil yana wucewa lafiya shi kaɗai, amma da an zo haɗa su sai na ga saƙon "multiple definition". Ashe ba wannan kariyar take hanawa ba? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kariyar da ka sa tana aikinta daidai, sai dai ka ɗora mata nauyin da ba nata ba.

Tun lokacin da Dennis Ritchie ya samar da C a Bell Labs a farkon shekarun 1970, tsarin shi ne a sarrafa kowane fayil na .c shi kaɗai, ba tare da ya san abin da ke cikin ɗan'uwansa ba. Umarnin #include kuwa kwafe rubutu kawai yake yi: kafin kwamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutun C zuwa harshen na'ura, ta fara aiki, ana ɗauko duk abin da ke cikin hedar a zuba shi a daidai wannan layin. Idan ka ba kwamfailar GCC umarnin gcc -E main.c za ka gani da idonka, layinka na jimla yana zaune a tsakiyar main.c kamar can ka rubuta shi. Haka yake zaune a lissafi.c ma. Kariyar #ifndef tana hana a zuba heda sau biyu ne a cikin fayil guda, kuma da an koma kan fayil na gaba an manta da ita. Saboda haka kowane fayil ya ware wa jimla wurinsa a ƙwaƙwalwa, linka mai haɗa su kuma ta tarar da abu biyu masu suna ɗaya, ta ƙi zaɓa.

Maganin yana cikin bambanta sanarwa da samarwa. Sanarwa tana faɗin sunan abu da nau'insa ne kawai, kamar adireshin gida da za ka iya ba mutum ɗari alhali gidan ɗaya ne. A cikin lissafi.h ka rubuta extern int jimla; wato akwai wannan adadi a wani wuri. Sannan ka mayar da int jimla = 0; cikin lissafi.c kaɗai, wannan shi ne samarwa, kuma shi ma lissafi.c ya jawo hedarsa, domin idan wata rana ka canza nau'in adadin a wuri ɗaya ka manta da ɗayan, kwamfaila ta kama saɓanin nan take. Haka ayyuka (functions) suke: sunansu da nau'in abin da suke karɓa da wanda suke mayarwa a heda, gangar jikinsu a .c. Fasalin struct da typedef da enum da #define duk heda ce mazauninsu, tunda ba sa cin wuri a ƙwaƙwalwa. Ƙaramin aikin da dole sai jikinsa ya zauna a heda, sai ka sa masa static inline.

Wataƙila wani ya ba ka shawarar ka cire "= 0" kawai. Kada ka bi wannan. Tsofaffin fitowar GCC suna haɗe irin wannan maimaicin shiru, amma daga GCC 10, wadda ta fito a 2020, an daina yin haka sai an nema, kuma kuskuren zai dawo maka.

A ganina ma, gara ka ɓoye jimla gaba ɗaya. Ka sa mata static a cikin lissafi.c, hedar kuma ta sanar da ayyuka biyu, ɗaya na ƙarawa, ɗaya na karantawa. Ta haka duk ranar da adadin ya fito ba daidai ba, fayil ɗaya tak za ka buɗe ka bincika.