Amsa ga mai fama da dila a lambun bayan gida a Landan

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da fama. Na karanta abin da kika rubuto, cewa kun koma gida mai lambu a kudancin Landan, dila ya tone miki alayyafo da albasa, yana barin kashi a bakin ƙofar baya, ya ɗauke takalmin yaronki ƙafa ɗaya, kuma wani ya ba ki shawarar ki sa guba a nama ki ajiye masa. Ni a Biristol nake zaune, garin da ya yi suna da dilolin cikin gari, kuma na daɗe ina wannan gwagwarmaya, shi ya sa na ce bari in tsaya in ba ki amsa a tsanake.

Maganar guba, don Allah ki cire ta daga ranki tun yau. A ƙasar nan babu wata guba da doka ta yarda a sa wa dila, wanda aka kama kuwa zai iya fuskantar tara ko ɗauri. Ko da babu doka ma, naman da kika ajiye ba ki san bakin da zai faɗa ba. Kyanwar maƙwabta na bi ta lambunki, bushiya na bi, ga yaranki suna wasa a wurin. Sannan ba za ta biya miki buƙata ba. Kowace unguwa diloli sun raba ta a tsakaninsu, in an kashe mai wannan yanki, cikin 'yan kwanaki wani zai gane wuri ya zama babu mai shi ya tare. Shi ya sa yawancin ƙananan hukumomin Landan ba sa zuwa kama dila ko kin kira su, shawara kawai za su ba ki.

Wannan da muke ce wa dila a nan ba irin na dajin gida ba ne sak, ya fi kusa da yanyawa. Ja ne, mai dogon baki da wutsiya buzu-buzu, nauyinsa bai cika wuce kilo 5 zuwa 7 ba. Tun wajen shekarun 1930 ya fara shigowa biranen Ingila, lokacin da aka yi ta gina gidaje masu lambu a bayan gari. Wanda kike gani a gidanki haifaffen gari ne, iyayensa da kakanninsa ma haka, bai san wani daji da za ki kora shi ya koma ba. A nan Biristol ƙazuwa ta shiga cikinsu a 1994, ta kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari a shekara biyu, amma yau sun dawo sun cika gari. Abin da annoba ba ta iya ba, nama mai guba ba zai iya ba. Abin da ke hannunki shi ne ki mayar da lambunki wurin da in ya shigo ba ya samun komai, sai ya zama hanya kawai yake bi ya wuce.

Abinci shi ne kan gaba, kuma mu a nan muke da rauni saboda irin girkinmu. Shekarar da muka tare, bayan Babbar Salla na zuba ƙasusuwan rago a baƙar leda na ajiye a bayan kicin don kwandon shara ya cika. Da asuba na tarar da ledar a yage, ƙashi a warwatse har gindin katanga. Abin da ban sani ba shi ne dila yana binne abin da bai cinye ba don gobe. Sati biyu yana dawowa yana tono a cikin tukwanen tattasaina, ina zaton shukar yake nema, ashe ajiyarsa yake nema. Ranar da na zazzage wata tukunya na ga ƙashin haƙarƙari a ciki, ranar na gane. Tun daga nan ƙashi da fatar kaza da kan kifi sai in ƙulle su in sa a firiza, sai safiyar ranar kwasar shara in fitar. Ƙaramin bokitin ragowar abinci da hukuma ke rabawa yana da mariƙin da ke kulle murfi, ki tabbata an kulle shi kullum, don yara suna mantawa. In kin gasa nama a waje, ki wanke abin gashin a daren, kitsen da ya ɗiga ma kira ne. Haka tsakin da ake zuba wa tsuntsaye, da tuffa da ta faɗo ta ruɓe a ƙasa, duk yana ci.

Sai taki. Ki duba buhun da kika saya. Akwai wanda ake yi da garin ƙashi da busasshen jini da kifi, ana sayar da shi a kowane shagon kayan lambu, kuma shuka na son sa. Amma a hancin dila ƙanshin mushe ne da aka binne, zai yi ta tono har sai ya tumɓuke saiwa. Ina kyautata zaton shi ne ya jawo miki ɓarnar alayyafon nan. Na koma takin ganye da na ciyawar teku, tonon ya ragu sosai a damina guda. Ramukan da za ki gani ƙanana a kan ciyawa a wannan lokaci na kaka kuwa, tsutsotsin ƙasa irin su tana yake haƙa, musamman bayan ruwan sama. Wannan na ɗan lokaci ne, ki cike ramin ki taka.

Inda kika yi sabuwar shuka ki shimfiɗa ragar waya a kan ƙasar ki danne gefenta da bulo, shukar za ta fito ta cikin ramukan. Ba ya son taka waya, kuma ba ya iya tono. Ni har rassan fure mai ƙaya da na sare nake jerawa a kai, kamar yadda ake yi wa gona shinge da ƙaya a gida.

Abin da na fi so ki yi da gaggawa shi ne ki duba ƙarƙashin ɗan siton katako da ke ƙarshen lambu, in kuna da shi, da ƙarƙashin dandamalin katako. Nan ne macen ta fi son haihuwa. Suna barbara daga Disamba zuwa Fabrairu, ta haihu a Maris, yawanci 'ya'ya 4 ko 5, su fara leƙowa waje a ƙarshen Afrilu. In ta riga ta haihu a wurin, kin shiga hidima har tsakiyar bazara, domin 'ya'yan ne masu ɓarna ta gaske, su tattake shuka, su yayyaga safar hannu, su kwaso tarkacen maƙwabta su tara miki. Kuma a lokacin ba halin toshe ramin, don rufe su da rai zalunci ne, dokar kare namun daji ta 1996 ma ta hana azabtar da su. Mu shekara guda muka yi wannan zaman haƙuri. Ina tsaye a tagar kicin da magariba ina kallon 'ya'ya huɗu suna kokawa a kan kunyar kabewata, uwar tana kwance a kan rufin sito tana kallona. Raina ya ɓaci da asarar, amma ban iya cutar da su ba, ita ma ciyar da nata take yi. Sai da suka watse a Satumba muka yi aikin.

Ga yadda muka yi. Na cusa tsohuwar jarida sako-sako a bakin ramin, ina dubawa kowace safiya. Da ta yi kwana bakwai ba a ture ta ba, muka san babu kowa a ciki. Maigidana ya haƙa rami kewaye da siton, zurfin kamar santimita 30, ya sa raga mai kauri wadda aka yi wa walda, ya lanƙwasa ƙasanta waje, sannan ya mayar da ƙasa ya jera fale-falen siminti a kai. Kada ki sayi siririyar wayar kaji don wannan aiki, yana tsinka ta da haƙori. Yanzu zuwa ƙarshen Janairu ne lokacinki, kada ki bari ya wuce.

Katanga kuwa kada ki kashe kuɗi wajen ƙara mata tsawo. Ta katako mai kusan mita 2 yana haye ta kamar kyanwa, kuma ƙaramar kafa da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba ta ishe shi kurɗawa. Gara ki nemi inda yake shiga, za ki ga ƙasa ta yi santsi ko gashi ja a maƙale, ki toshe nan.

Kashin da yake bari a bakin ƙofa da gangan ne, alama yake sawa cewa yankinsa ne, shi ya sa yake zaɓar wurin da ke fili ko kan abin da ke da warin mutum. Ki sa safar hannu ki kwashe, ki wanke wurin da ruwan zafi da garin sabulun wanki, don in warin ya saura zai dawo ya sabunta. Kada yara su taɓa, yana iya ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, irin wadda ake samu a kashin kare. Su wanke hannu in sun shigo, ganyen lambu ma a wanke shi sosai. Bayan wankewa nakan zuba maganin kora da aka amince da shi, ni Scoot nake saya, ana dama shi da ruwa a fesa. Yana aiki in an dage, amma ruwan sama na wanke shi, sai an maimaita. Barkono da tafarnuwa na gwada, kwana biyu ne. Na'urar da aka ce tana fitar da ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, a lambuna dai sati uku ta yi ya saba da ita. Wadda ta yi mini amfani ita ce mai fesa ruwa in ta ji motsi, ana haɗa ta da tiyo. Nakan sauya mata wuri duk bayan 'yan kwanaki don kada ya gane iyakarta, in sanyi ya tsananta kuma in cire ta kada ƙanƙara ta fasa ta.

Takalma dai sai haƙuri da sauya al'ada. Mun saba cire su a bakin ƙofa, shi kuma fata da warin ƙafa suna jan sa. Na sayi akwatin roba mai murfi na ajiye a wurin, silifas ɗin alwala ma ciki suke kwana.

Kin tambaya ko yana kai wa yara hari. Abu ne mai wuyar faruwa, yawanci da ya ga mutum yake gudu, kuma babu ciwon haukan kare a dilolin ƙasar nan. Amma ya taɓa faruwa. A 2010 a unguwar Hakni da ke Landan dila ya shiga gida ta ƙofar da aka bari a buɗe saboda zafi, ya ciji jarirai tagwaye a gadonsu. Don haka in kina da jariri kada ki bar shi shi kaɗai a lambu, ƙofar baya kuma a rufe ta da magariba ko ana zafi. In kin gan shi ki tafa hannu ki daka masa tsawa, ki koya wa yara kada su miƙa masa abinci. Wanda ya saba karɓa daga hannun mutum shi ne ke shiga ɗaki.

Ki kuma lura ko akwai mai ciyar da su a layinku, kusan kowane layi akwai. Tamu wata dattijuwa ce mai zaman kaɗaici, kullum da dare sai ta ajiye musu kaza a faranti. Ban je mata da faɗa ba. Na kai mata tumatir daga lambun, na nuna mata hoton ɓarnar, na roƙe ta ta rage yawan abincin don kada su riƙa kwasowa suna binnewa a wurina. Ta rage, har yau muna gaisawa.

In Janairu ya zo za ki ji wani ihu da tsakar dare kamar mace ce ake shaƙewa. Daren farko da na ji shi na tashi maigidana ina salati, har mun ɗauki waya za mu kira 'yan sanda. Kukan barbararsu ne, sati kaɗan yake yi ya wuce, ki faɗa wa yaran tun yanzu don kada su firgita. In kin duba ƙarƙashin siton ki turo mana hoton abin da kika gani, sai in gaya miki ko ramin dila ne ko na ɓera. Allah Ya sa albarka a lambun.