Amsa ga ƙanena mai son zuwa Ingila don CFA

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirinka na tattalin arziki, kana so ka taho Ingila ka yi CFA, wato shaidar ƙwarewa a harkar nazarin kuɗi da zuba jari, don ka ji ana cewa kamfanonin zuba jari rububin mai wannan shaida suke yi. Kana tambaya wace makaranta za ka nema, kuma ko za ta kai ka ga biza.

Ka fara cire makaranta daga lissafinka. CFA jarrabawa ce da wata cibiya mai zaman kanta take shiryawa tun 1963, hedikwatarta na jihar Bajiniya a Amurka. Babu aji, babu malamin da zai kira suna. Kai ne da littattafanka. Tun 2021 a kwamfuta ake rubuta ta, a cibiyoyin da ke ƙasashe da yawa, har da na Afirka. Saboda haka ba wanda zai ba ka bizar ɗalibi don ka yi rajistarta. Wannan sai jami'a mai lasisin gwamnati ta ba ka gurbi. Fasfo dai dole ne, amma don a tantance ka a ƙofar ɗakin jarrabawa.

Mataki uku ne. Na farko tambaya 180, a zama biyu, kowanne awa biyu da kwata. Ka buga lissafin da kanka: minti ɗaya da rabi ke nan ga kowace tambaya, kuma a cikinsu akwai ƙididdiga, karanta asusun kamfani, hannun jari, takardun lamuni da sauransu. Kalkuleta ma iri biyu kawai aka yarda da su, BA II Plus ta Texas Instruments da HP 12C. Ka sayi ɗaya tun yau, ka saba da ita har yatsunka su riƙa ciro kuɗin ruwan bashi ba tare da ka dubi maɓalli ba. Cibiyar tana cewa a ware kamar awa 300 ga kowane mataki, amma duk da haka waɗanda ke tsallake na farko ba su cika kai rabin masu zama ba.

Inda na ga masu kaifin lissafi suna zamewa shi ne ɓangaren ɗa'ar aiki, don raina shi suke yi. Za a ce maka kana cin abinci sai ka ji shugabannin wani kamfani a teburin gefe suna maganar za a saye su mako mai zuwa. Me za ka yi da hannun jarin kamfanin da ke asusun wanda ya damƙa maka kuɗinsa? Amsoshi uku za a jera maka, biyu duk kamar daidai. Mataki na biyu labarin kamfani ake ba ka ka warware, na uku kuma akwai rubutu, ka bayyana dalilin da ya sa ka raba dukiyar mutum yadda ka raba.

Yanzu ga abin da ba a gaya maka ba. Ko ka ci duka ukun, ba ka da ikon sa haruffan nan a bayan sunanka sai ka nuna aikin awa 4,000 cikin aƙalla wata 36, aikin da ya shafi yanke shawarar zuba jari. Zama a kanta kana karɓar kuɗi kana ƙirgawa ba ya cikin lissafi. Shi kuwa wannan aiki a ko'ina a duniya ana karɓarsa, kuma samun sa ya fi sauƙi inda aka san ka. A nan Landan, takardar neman aiki mai cewa “na ci mataki na biyu” ba tare da gogewa ba, tuli ne a teburin masu ɗaukar ma'aikata. Kai kuma baƙo ne, sai kamfani mai lasisi ya tsaya maka kafin a ba ka bizar aiki, ga kuɗi ga ɗawainiya a kansu. Yawanci ma ƙaramar shaidar IMC, ta masu fara aikin kula da jari a nan Ingila, suke fara nema daga sabon ma'aikaci. Idan ta digiri na biyu ka shigo, izinin zama bayan karatu shekara biyu ne, kuma gwamnati ta sanar da rage shi zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Lokacin gajere ne ga wanda bai taɓa aiki ba.

Da ni ne kai, zan nemi aiki a kamfanin kula da kuɗin fansho ko na dillancin hannun jari, ko da albashin bai taka kara ya karya ba, in riƙa karatu da asuba kafin ofis. In ƙware a Excel sosai, in ɗan taɓa Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta. Bayan shekara biyu ko uku, da mataki ɗaya ko biyu a hannu, sai mu zauna mu yi maganar jami'a.

Kuɗin rajista da dala ake biya, kuma kowane mataki yana kai dubu ko ya wuce. Cibiyar tana da tallafi ga marasa ƙarfi, amma ka nemi tallafin tukuna, ka jira amsa, sannan ka yi rajista. In ka riga ka biya, ka fita daga layin.