Amsa kan ko kotun tarayya na iya soke hukuncin kisa na jiha a Amurka

Malam, ka tambaya ko kotun tarayya za ta iya ceton wanda wata jiha ta yanke wa hukuncin kisa. Tana iyawa, sai dai hanyar a tsuke take. Na daɗe ina aikin haɗa takardu a ofishin lauyoyin da ke kare irin waɗannan fursunoni, to ga abin da na gani.

Ƙarar da ake kaiwa, habiyas kofus, ba sake shari'a ba ce. Abin da alƙalin tarayya ke dubawa shi ne ko an tauye wa mutum haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, kamar a ce lauyansa ya yi sakaci, ko lauyoyin gwamnati sun ɓoye hujjar da za ta wanke shi. Kuma sai ya gama da kotunan jiha tukuna. Ƙorafin da bai kai can ba, yawanci ya sha ruwa.

Dokar da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, bayan harin bam na Oklahoma, ita ta ƙara ɗaure lamarin. Wa'adi shekara 1 ne, ko da yake lissafin kan tsaya muddin ƙorafinsa na gaban kotun jiha. Kuskuren kotun jiha kawai bai isa a soke hukunci ba, sai ya zama kuskuren da hankali ba zai ɗauka ba.

Wa'adin nan shi ke hana mu barci. A ofishinmu akwai kalanda manne a bango, kowace rana ta ƙarshe an zagaye ta da jan biro, kuma mutum biyu ne ke lissafa ta daban-daban. Tun kafin wannan doka ma, lauyoyin Roger Coleman a jihar Bajiniya da kwana 3 suka makara wajen ɗaukaka ƙara a kotun jiha, Kotun Ƙolin Amurka ta rufe masa ƙofa a 1991, aka kashe shi a 1992. Gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da laifinsa daga baya, amma ƙa'idar tana kan kowa, har da mai gaskiya. Shi kuwa Cory Maples na Alabama, lauyoyinsa sun bar aiki ba su sanar ba, wasiƙar kotu ta koma ba a ko buɗe ta ba, har wa'adin ɗaukaka ƙara a jiha ya wuce. Shi kam an yi masa uzuri a 2012.

A 2022 kuma, a wata shari'a daga Arizona, Kotun Ƙoli ta ce idan lauyan da ya bi ƙorafi a jiha bai tono hujja ba, kotun tarayya ba za ta saurari sabuwa ba. Ni dai wannan hukunci bai kwanta min ba, domin talaka ba shi ke zaɓar lauyansa ba.